Wa Ke Da Ikon Tambaya? Gina Taurarin Labarin Binciken Kisa a Tsohuwar Bauchi

Marubucin da ya yi niyyar ƙaga labarin kisan kai wanda ya auku shekara ɗari da wani abu da suka wuce, ya kuma ƙudura cewa mai karatu ba zai san wanda ya yi kisan ba sai a shafukan ƙarshe, ya ɗora wa kansa kaya biyu a lokaci ɗaya. Dole ya rayar da zamanin da idonsa bai gani ba, dole kuma ya ƙulla al'amarin da hankali zai warware, ba sa'a ko mafarki ba. Matasan marubuta na Bauchi da Gombe da ke gwada wannan fanni sukan yi ƙoƙari ƙwarai wajen tattara sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe, sukan kuma iya ɓoye mai laifi, amma sau da yawa a wajen taurarin labarin ne aikin yake sukurkucewa. Sai ka tarar an ɗauko jami'in 'yan sanda na yau, da tunaninsa da salon tambayarsa, an naɗa masa rawani an ɗora shi bisa doki: yana kutsawa duk gidan da ya ga dama, yana titsiye matar aure a tsakar gida, yana ɗaga wa hakimi murya, kowa kuma yana ba shi amsa. Wanda ya taɓa zama gaban kakanninsa ya ji yadda aka rayu a da, da ya kawo nan zai ajiye littafin.

Abin da nake gani shi ne, tauraron irin wannan labari daga matsayinsa ake fara gina shi kafin a zo ga halinsa. Tun marubuci bai yanke cewa mutumin nan mai haƙuri ne ko mai zafin rai ba, sai ya san wace ƙofa ce take buɗe masa a garin, wace ce kuma ba zai taɓa ƙetare dokinta ba. Wa yake da ikon ya tambaya, gaban wa kuma zai sunkuyar da kai. In ya yi magana a zauren alƙali, ana riƙe ta ko ana watsar da ita. Amsoshin waɗannan tambayoyi su ke haifar da halin, su ke kuma haifar da ƙullin, domin labarin bincike labari ne na yadda sani yake tafiya daga wanda ya gani zuwa wanda ke da ikon hukunci, kuma a tsohuwar Bauchi hanyar nan tana da shingaye da yawa.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, mu ɗauki wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Malam Yakubu, wanda ya fito daga Gerawa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya yi mulki har rasuwarsa a 1845. A watan Fabrairun 1902 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta shigo birnin, aka tuɓe Sarki Umaru wanda ke kan gado tun 1883, aka bar Temple a matsayin Razdan. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, sannan ranar 27 ga Yulin 1903 aka gwabza a Burmi, cikin ƙasar Gombe, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya tare da ɗimbin mutanen da suka bi shi da niyyar hijira gabas. Watanni 17 ɗin da ke tsakanin shigowar Turawa Bauchi da yaƙin Burmi, a ganina, ba su da na biyu wajen dacewa da labarin bincike, saboda babu wanda ya san dokar da za ta ɗore. Alƙali yana nan da littattafansa, fada tana nan da sabon sarki, ga kuma Bature da sojoji da tafinta, yana shelar an hana cinikin bayi. Kowane mutum a birnin yana lissafi biyu a ransa, ɗaya idan Nasara sun zauna, ɗaya idan sun tafi, kuma mai lissafi biyu ba ya faɗin duk abin da ya sani.

A ɗauka a cikin waɗannan watanni an wayi gari an tarar da gawar wani falke Babarbare a ɗakin baƙi na fatomansa, wato mai masaukinsa, a wata unguwa kusa da Ƙofar Wunti. Wa zai bincika? Dogari aikinsa kamu ne in an aike shi, kuma da an hango shi bakin kowa ya mutu. Alƙali kuwa ba ya yawo gida-gida. Zaune yake a zaurensa mai ƙara ya zo masa da hujja, kuma a mazhabar Malikiyya ba a yarda ya yanke hukunci da abin da shi kaɗai ya sani ba. Saboda haka marubuci yana buƙatar mutumin da ke tsakani, wanda yake da ɗan dalilin tambaya amma ba shi da ƙarfin tilastawa. Muhuti, malamin da ke zama gefen alƙali yana rubuta masa yana duba masa littafi, ya dace da wannan gurbi. Wanzami ma ya dace ta wata fuskar, tun da yana shiga manyan gidaje da ƙanana, ya san rauni, ya san tsagar kowace zuriya domin hannunsa ne ke yin ta. Duk wanda aka zaɓa, an zaɓi rabin garin da zai gani da rabin da zai ɓace masa, kuma kuskure ne a dawo daga baya a ba shi abin da matsayinsa ya hana shi don kawai labari ya cije.

Mu ce an zaɓi muhutin. Abu na farko da za a cusa masa a ƙirji shi ne karatunsa, domin da idon fiƙihu zai kalli gawar nan. Ya haddace Risala ta Ibn Abi Zaid, ya shiga Muhtasar na Halilu, ya san ba a kashe rai saboda rai sai da ɗaya daga abubuwa uku: shaidar adalai maza biyu, ko iƙirarin wanda ya yi, ko ƙasama. Ƙasama ita ce rantsuwa 50 da maza dangin mamaci na wajen uba za su yi cewa wane ne ya kashe ɗan'uwansu, kuma ba ta halatta sai in akwai alama mai ƙarfi, kamar a ce mamacin kafin ya cika ya furta cewa jininsa yana wuyan wane, ko a sami adali guda da ya ga kisan. Tsintar gawa a unguwar wasu mutane ita kaɗai ba ta wajabta ƙasama. Ba a yin ta a kan bawan da aka kashe, ba a kashe fiye da mutum ɗaya da ita, ba a karɓar shaidar bawa, shaidar mata kuma ba ta tsayar da ƙisasi. In dangi suka yafe, mai kisan ya sha bulala 100 da ɗaurin shekara, sai fa kisan gilla, inda aka yaudari mutum aka kashe shi don dukiyarsa, wannan babu yafiya a cikinsa.

A dubi abin da wannan ya yi wa labarin. Waɗanda suka fi kowa gani a gidan fatoma, wato kuyangar da ke kai wa baƙi tuwo, da bawan da ke kwana wajen jakuna, da matan cikin gida da ke jin motsin dare ta bayan katanga, su ne waɗanda maganarsu ba ta isa ta tsayar da hukunci. Masu nauyin magana kuwa suna barci a turakarsu. Ga shi falken Babarbare ne, danginsa sun watse tun da Rabeh ya ƙone Kukawa a 1893, babu maza biyu na wajen uba da za su tsaya su rantse. Muhutin nan zai iya kaiwa ga gaskiya tun tsakiyar littafi ya kuma kasa yin kome da ita, kuma a nan ne halinsa zai fito ba tare da marubuci ya tsaya yana lissafa mana ɗabi'unsa ba. Shin mutum ne da ke ganin abin da littafi bai tabbatar ba a bar wa Allah, ko kuwa wanda jinin baƙo ke hana shi barci? Sai a ƙara masa abin da zai rasa. Wataƙila alƙalin shi ne malaminsa tun yana riƙe da allo, ya kuma yi masa alkawarin 'yarsa. Wataƙila fatoman ne ke ciyar da almajiran mahaifinsa. Mai binciken da ba zai yi asarar kome ba in ya faɗi gaskiya, gaban mai karatu ba ya faɗuwa dominsa.

Daga nan sai maganar ƙofa. Gidan mai hali a birni yana da zaure, yana da shigifa, sannan cikin gida, kuma baligin namiji da ba muharrami ba iyakarsa zaure, in an girmama shi ƙwarai a kai shi shigifa. Rabin mutanen da ke da labarin daren nan suna bayan wannan iyaka. Ba dabara ba ce a sa muhuti ya yi shigar mata ya tsallaka. Wasan yara ne wannan, kuma yana zubar da mutuncin da aka gina masa. Abin da ya dace shi ne a ba shi abokiyar aiki wadda zamanin da kansa ya tanada: dillaliya mai yawo da kaya gida-gida, ko ungozoma, ko mai kitso, ko jakadiyar fada. Ita tana shiga inda ba ya shiga, amma ba ta da inda za ta kai abin da ta gani. Shi yana da wurin kaiwa, amma idonsa bai kai ba. Kada kuma a mai da ita 'yar aike. Tana da nata lissafin, domin amanar matan gari ita ce jarinta, ranar da aka gane tana kwasar zance zuwa zauren alƙali, ranar kasuwarta ta mutu. Don haka ba za ta taɓa fito da magana fili ba.

A ce cikin kayan falken akwai turkudi na Kura, baƙin yadin nan mai ƙyalli wanda shuninsa ke kama fatar duk wanda ya yafa shi. Kwana uku bayan jana'iza dillaliyar ta tsaya a ƙofar makaranta da la'asar, kamar ta zo karɓar rubutun sha, ta ce da muhutin:

"Allah ya gafarta Malam, ni ban ce na ga kome ba. Na dai ga yarinyar da ko zane biyu ba ta da shi, shuni ya kama mata wuya har bayan kunne."

"Gwaggo, ai wannan ba shaida ba ce."

"To, kai ne mai littafi, ɗan nan. Ni kayan mutane nake ɗauka."

A cikin wannan 'yar musayar mai karatu ya ga taka-tsantsan ɗinta, ya ga inda karatu ya ɗaure shi, ya ga ita tana girmama ilminsa shi yana girmama shekarunta, ya kuma sami alamar da zai riƙe, wadda ta fito daga kayan zamanin kansa.

Mamacin shi ma tauraro ne ko da yake ba zai buɗe baki ba, kuma shi aka fi yi wa rowar tunani. Ya kamata marubuci ya san shi fiye da yadda kowa a labarin ya san shi: abin da ya kawo, kanwa ce ko dawaki ko tufafi, wanda yake bi bashi da wanda ke bin sa, dalilin da ya sa ya sauka a wannan gida ba wancan ba. Fatoma zai ce mutumin kirki ne mai kyauta, yaron ayari ya ce bai taɓa biyan lada cikakke ba, har mai karatu ya gane cewa sai an san ko shi wane ne kafin a san wanda ya kashe shi. Akwai kuma abin da al'ada ta yi wa gawarsa: wanda ya mutu da dare, kafin azahar an yi masa sutura an kai shi. Babu likita, babu tonewa. Mutum ɗaya ne ya ga jikin da kyau, wato mai wanka, kuma tarbiyyar addini ta hore shi da ya rufa asirin abin da ya gani. Ga cikakken tauraro nan wanda ba sai an nemo masa damuwa daga waje ba: tsoho ne da ya ga shatin igiya a wuyan baƙo, yana tsakanin amanar gawa da haƙƙin jini, kuma zai iya yin mako yana tsayawa kusa da muhutin a sahun asuba bai ce uffan ba.

Dukiyar mamaci ma tana zaɓar mana waɗanda za a zarga. A lokacin da wuri ake ciniki, kuma keso guda, wuri 20,000, kaya ne na ƙato. Wanda ya rubuta cewa an kashe falke an gudu da kuɗinsa cikin dare ya manta cewa sai da jakuna da masu ɗora kaya, ga ƙofofin ganuwa a rufe har asuba. Don haka abin da ya ɓace ya zama mai sauƙin ɗauka, kamar azurfa, ko 'yar takardar bashi, ko wasiƙar da bai kamata a gan ta a hannun kowa ba a shekarar da ake raɗe-raɗin hijira. Da zarar an ce takarda ce ta ɓace, an ware masu karatu daga marasa karatu, an kuma jawo zargi kusa da zauren malamai, inda mai binciken kansa ya fito.

Waɗanda ake zargi kuwa, ƙa'idar da na fi yarda da ita ita ce kowannensu ya kasance yana ɓoye wani abu na gaske, wanda ba kisan ba ne amma a wurinsa ya kai kisan nauyi. Zamanin da muka ɗauka ya wadata da irin waɗannan asirai. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana saye da sayar da bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar ɗa ne, amma ba ta 'yanta waɗanda ke hannun iyayengiji nan take ba. Bauta ba ta ƙare a doka ba sai 1936. Saboda haka bawan da ke biyan murgu yana tara kuɗin fansar kansa zai yi ƙarya game da inda ya kwana, domin a daren yana wajen da ya binne tukunyar wurinsa. Fatoma zai yi ƙarya domin a bayan gidansa akwai yara biyu da aka kawo daga duwatsu, waɗanda ba a son Bature ya ji labarinsu. Wani malami zai ɓace washegarin kisan, kowa ya ce gudun laifi ya yi, alhali gonarsa ya sayar ya nufi gabas kamar yadda jama'a da yawa suka yi, har waɗansu suka zarce da Muhammadu Bello Mai Wurno suka zauna a bakin kogin Nilu a Sudan. Tafintan Razdan kuma, wanda wataƙila Banufe ne da ya biyo sojoji daga Lakwaja, shi kaɗai ya san abin da kowane ɓangare ya faɗa da abin da shi ya juya, kuma wannan iko ya fi ƙarfin shekarunsa da asalinsa.

Akwai wani irin shiru kuma na kunya, wanda marubucin da ya tashi a nan ya fi kowa sanin sa. Mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, suruki ba ya sakin baki gaban surukinsa. Idan aka tambayi tsohuwa wa ya fita da dare ta ce "wancan yaron", muhuti ɗan gari zai gane ɗan farinta take nufi, Razdan da tafintansa kuwa za su rubuta cewa ta ƙi ba da suna. Haka wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari: maganar da makiyayi ya yaɓa wa falken a kasuwa, kowa ya yi dariya, a kunnen baƙo barazana ce. Rashin fahimta irin wannan yana iya kai marar laifi gidan yari, kuma ya fi kowace ƙirƙirarriyar hujjar ƙarya daɗin karatu, domin babu wanda ya yi ƙarya.

Mai kisan shi ne ya fi wuyar ginawa. Dole ya kasance a gaban mai karatu tun farkon littafi, yana gaisawa yana zuwa ta'aziyya, dole kuma dalilinsa ya zama na zamaninsa: gadon da zai kuɓuce, sarautar da sabon tsari zai ba wani, asalin bauta da aka ɓoye shekara talatin wanda falken ya zo da labarinsa, amanar da aka ci wadda mai ita ya dawo nema. Ina roƙon marubutanmu su guji hanya mai sauƙi ta ɗora laifin a kan wanda ba shi da mai kare shi, bawa ko baƙo ko mutumin dutse. Ƙasar Bauchi ta Gerawa ce da Jarawa da Sayawa da Zulawa da Warjawa da Fulani da Hausawa, a ƙasar Gombe ga Bolawa da Terawa da Tangale da Waja da Tula, kuma jikokin dukkansu suna cikin masu karanta littafin. Mutumin dutse ya cancanci suna da dangi da harshe da dalili, kuma wanda ya tuna cewa mutanen Ningi sun shafe rabin ƙarni suna tsare kansu daga Bauchi da Kano, tun bayan da Malam Hamza ya baro Tsakuwa ta ƙasar Kano ya shiga duwatsunsu, ba zai rubuta shi a matsayin duhun da ke bayan ganuwa kawai ba. Mutanen labarin za su fara zargin bawa, domin haka zamaninsu yake. Marubucin ne bai kamata ya bi su ba.

Haka batun imani. Mutanen 1902 sun yarda da sammu da kambun baka da aikin aljanu, suna ɗaure da layu, suna tsoron rantsuwa da Alƙur'ani tsoro na haƙiƙa. Mai binciken da ke yi wa duk wannan dariya ba ɗan zamaninsa ba ne. Ya fi kyau ya yarda sihiri gaskiya ne, amma ya san zaƙami yana gusar da hankali, ya san da kwankwani maharba ke dafa kibiya, saboda haka kafin ya ce aljani ne sai ya tambayi wa ya dama furar. Tsoron rantsuwa kuwa makami ne a hannunsa, domin wanda ya yi ƙarya sau goma a zaure zai iya rawar jiki in aka ce ya yi alwala ya dafa Littafi. Amma warwarar ƙarshe ta zama aikin ɗan Adam, wanda mai karatu zai iya bin sawunsa baya ya tarar an nuna masa kome.

Sai mutanen da suka rayu da gaske. Sarakunan Bauchi da na Gombe, da Malam Jibrilla Gaini na Burmi wanda Sarkin Gombe Zailani ya rasu wajen yaƙarsa a 1888, da Attahiru, da Temple, duk suna iya giftawa ta cikin labarin, a ji tambarinsu, a ga ƙurar dawakinsu, a ji sun yi abin da tarihi ya tabbatar sun yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ƙaga kisa a rataya wa mutumin da ya rayu, ko a sa masa a baki maganar da za ta zubar da shi, alhali zuriyarsa na nan cikinmu, shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa. Ta fuskar fasaha ma babu riba, tun da mai karatu ya san ba a taɓa kama sarki wane da kisan falke ba. Manyan taurari su zama ƙagaggu, a ajiye su a matakin da tarihi bai rubuta sunaye ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi wannan hanya tun a 1934: tauraron Shaihu Umar ƙagagge ne, amma cinikin bayi ta Sahara da ya ɗauke shi gaskiya ne. Mai son jin muryar wannan mataki ya nemi fayilolin Lardin Bauchi a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ya karanta rahoton Bature da sanin cewa ta bakin tafinta ya ji, sannan ya zauna da tsofaffin unguwa, musamman mata, waɗanda ke riƙe da waƙoƙin niƙa da daɓe da labarin wa ya auri wa.

Suna da harshe ba sa buƙatar dogon bayani, sai dai kulawa. Sunan Bahaushe yakan ɗauki tarihin gidansu: Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, don haka in aka ce Gambo shi kaɗai ne ɗan gidan, mai lura zai tambayi ina Hasan da Husaini. Ba wanda zai ce ƙarfe goma na dare. Zai ce bayan lisha, ko da wata ya faɗi, ko da zakara ya yi carar fari, kuma wannan sassaucin lokaci ne ke ba mai ƙarya wurin ɓuya. Kowane tauraro ya yi magana daidai bakinsa, malami da Larabcinsa, falke da lissafinsa, Bafulatana da Hausarta mai gauraye, ɗan birni da Bausancinsa, amma a ɗan ɗanɗana kawai, kada a cika gishiri.

Idan an gina mutanen nan haka, babi na ƙarshe ba zai zama taron da mai bincike ke tara kowa a ɗaki ɗaya yana nuna mai laifi da yatsa ba, domin babu ɗakin da zai haɗa hakimi da kuyanga da matar kulle a Bauchin 1903. Abin da zai kasance shi ne muhuti ya san wanda ya yi, ta bakin mace da bawa da tsohon mai wanka, ga kuma hanyoyi a gabansa kowace da tsadarta. Ya kai wa alƙali, wanda zai tambaye shi adalai biyu ya rasa. Ya kai majalisar sarki, wadda ke da faɗin hannu a shari'ar jini fiye da zauren alƙali, amma mai laifin yana da mazauni a cikinta ko yana da ubangida a can. Ya bi ta hannun tafinta ya kai wa Razdan, wanda zai iya sauraron kuyanga ya kuma hukunta, sai dai daga ranar muhutin ya zama malamin da ya miƙa Musulmi ga Nasara a shekarar da aka kashe Sarkin Musulmi a Burmi, ba mai sake bin sa salla. Ko kuwa ya je wurin mai laifin shi kaɗai bayan lisha ya nemi iƙirarinsa, ba shi da makami sai abin da ya sani da tsoron Allah da yake fatan ya rage a zuciyar mutumin. Hanyar da zai bi tana cikin abin da aka ba shi tun babi na ɗaya: wane ne malaminsa, 'yar wa aka yi masa alkawari, da abin da dillaliyar za ta rasa idan ya ambaci sunanta.